Sabuwar Ƙwaƙwalwa a Kwamfutar Yaya

Yayarmu ba ta da haƙuri, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Mu shida ne a ɗakinmu, ita ce babba, tun muna yara idan ta ɗaure fuska kowa ke shiga taitayinsa. Zanen gine-gine ne sana'arta. Shekara goma sha huɗu ta yi a wani ofishi tana zana wa wasu suna sa hannu, har ranar da shugaban wurin ya kira ta “yarinyar nan” a gaban baƙi. Ta tattara takardunta ta fito, ba ta sake takawa can ba. Ta gyara ɗakin ajiya na gidanta, ta sa tebur da kujera, da wata tsohuwar kwamfuta mai baƙin akwati.

Kwamfutar tana da nawa, amma ba ta taɓa ba ta kunya ba. Shekara bakwai suna tare.

Mijinta yana da wani ƙane da ake kira Injiniya, ko da yake ba wanda ya san makarantar da ta ba shi sunan. Yaya ta yi tafiyar kwana uku duba wani fili. Kafin ta dawo, Injiniya ya lallaɓa wansa, ya buɗe akwatin, ya cire furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya sa wata sabuwa haɗe da sabuwar fankar sanyaya ta. Ina gidan lokacin da ta dawo, ya tare ta da murmushi har kunne.

“Anti, yanzu injinki gudu zai riƙa yi kamar jirgi.”

“Wa ya aike ka?” in ji ta.

Mijinta ya ce ai kyauta ce. Ta dube su duka biyun, ta wuce ɗakin aikinta ko mayafi ba ta cire ba.

Gudun kam ta yi, na minti ashirin. Yaya na tsakiyar zana matakalar wani asibiti mai hawa uku sai komai ya sandare. Kibiyar da ke kan allo ta tsaya cak, ta murza linzamin da ke motsa ta, ta bubbuga madannai, ko motsi. Dole ta danne maɓalli ta kashe. Washegari abin ya faru sau biyar, na biyar ya tafi da aikin awa huɗu. Daga falo na ji ta bugi tebur har kofin shayi ya faɗi ya fashe.

Injiniya ya zo ya ce ƙwayar cuta ce, a bari ya goge komai ya zuba sabo. Ta ce idan yatsansa ya sake taɓa wayar wutar ma, sai ya gane kurensa. Mijinta ya ɗauke su a mota, ita da akwatin, zuwa wurin wani mai gyara a bayan kasuwa. Mutumin ya kunna, ya ga ta tashi lafiya, ya hura mata iska, sannan ya juya wajen mijin yana bayani kamar Yaya ba ta wurin.

“Ka san su Hajiya, sai su buɗe abu goma a lokaci guda, sannan a ce inji ne.”

“Ni ce mai kwamfutar,” in ji Yaya. “Da ni za ka yi magana. Ka auna zafinta?”

Ya yi dariya ya ce ba sai an auna ba, shekararsa ashirin a aikin nan. Ta sunkuci akwatinta da kanta ta fita, mijin na binta yana ba mai gyara haƙuri, abin da ya ƙara tunzura ta.

Daga ranar ta daina tambayar kowa. Ta ɗauko littafi tana rubuta duk sandarewa: ƙarfe nawa, me ke buɗe, minti nawa da kunnawa. Ta zare katunan ram, masu riƙe aikin da ake cikin yi, ɗaya bayan ɗaya ta gwada, ba su ba ne. Ta sauya wayar wuta, ba ita ba ce. A kwana na huɗu littafin ya nuna mata abin da ba wanda ya tsaya ya duba. Idan wasiƙa take bugawa lafiya lau, sai an shiga zane mai nauyi take sandarewa, kuma da rana tsaka abin ya fi sauri, fanka na ta gurnani kafin nan. Ta sauke wata manhaja mai nuna zafi. Lambar ta hau tana kallo, tamanin, casa'in, casa'in da takwas, allo ya daskare.

Ta ce in miƙo mata sukundireba. Ta kwance fankar da ke zaune a kan furosesa, ta juya gindinta. Wata siririyar leda ce manne a jikin ƙarfen da ke gindin, ta yi baƙi-baƙi don zafi, da jan rubutu ɓaro-ɓaro cewa a ɓare ta kafin a ɗaura. Ita ta hana zafi fita duk kwanakin nan.

Yaya ba ta yi ihu ba, wannan ne ya tsorata ni. Ta kira Injiniya a waya ta ce ya zo yanzu. Da ya iso ta ajiye masa ledar a tafin hannu.

“Karanta.”

Ya karanta, ya sosa ƙeya. “Kuskure ne, Anti, kowa na yi.”

Mijinta ya sa baki: “Da niyyar alheri ya yi, ki yi haƙuri mana.”

“Niyyar alheri? Kwana tara ina ba mutanen asibiti haƙuri kamar wata maƙaryaciya! Da motarka ce aka buɗe wa inji ba ka nan, haka za ka ce? Ba wanda ya tambaye ni kafin a taɓa, ba wanda ya saurare ni da ta lalace. Ina tsohuwar furosesata?”

Injiniya ya ce cikin sanyin murya ya ba wani abokinsa. Sai a nan muryarta ta tashi, har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Wata biyu ya yi bai sa ƙafa a gidan ba.

A ranar dai ta goge ƙarfen tas, ta ɗiga sabon man sanyaya kamar ƙwayar wake, ta ɗaure fanka. Zafi ya tsaya a sittin da biyu. Ta sake zana matakalar daga farko, ta ce wannan ma ta fi ta baya kyau, amma kada wanda ya kuskura ya gaya wa Injiniya.

Yanzu maƙwabta kan kawo mata kwamfutocinsu idan sun rikice. Tana dubawa, amma sai mutum ya sha faɗa tukuna. Makon jiya na kai mata tawa, ta buɗe ta ga ƙura ta toshe fanka, ta ɗago ta harare ni.

“Ke ma? A gidanmu aka haife ki kuwa?”