Jakar Bayan Ƙofa

Mutumin da aka sallamo daga asibitin masu taɓin hankali ya yi kama da mijina, amma ban yarda da shi ba. Nawa na sani, mai wankin hula ne a Gwange, kuma in ransa ya ɓaci duk abin da ke hannunsa makami ne. Ranar da ya jefe ni da kwanon sitaci na koma gidanmu a Wulari, 'yan'uwansa kuma suka kai shi asibiti, aka ba shi gado.

Da ya fito, da ƙafarsa ya zo biko, bai turo dattawa ba. Na koma saboda Baba ya ce in koma. Jakata kuwa ban kwance ta ba, na jingine ta a bayan ƙofa, kwalaben turaren wutata duk suna ciki. A garin nan ɗakin matar aure ba ya rabuwa da ƙamshi. Nawa sai warin sitaci.

Salonsa ne ya fi ɗaure mini kai. Wai can kullum sai an zaunar da su da'ira, kowa ya faɗi abin da ke cin sa, likita na saurare. Yanzu sai ya dube ni ya ce, "Me kike ji a ranki?" Wa ya taɓa yi mini wannan tambaya? Na ce lallai rahoto yake haɗawa ya kai musu. Ko kuma allura ce ta kwantar da shi, ranar da ta sake shi zan gane kurena. Har leƙensa nake in yana alwala, ko zan kama tsohuwar fuskar.

Wata ranar Juma'a akuyar maƙwabta ta shigo ta tauna hular wani ango da ya shanya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, sai na matsa kusa da ƙofa. Ya ajiye burushi ya fice. Bayan ɗan lokaci ya dawo.

"Raina ya ɓaci sosai," in ji shi. "Fushin yana nan, bai tafi ko'ina ba. Can dai na koyi ganin zuwansa."

Tsoro bai sake ni ba. Ya dubi bayan ƙofa, ya ci gaba.

"Na ga jakarki tun ranar da kika dawo. Kaskon turarenki ma ba ki taɓa sa masa wuta ba. Ki bar jakar a ɗaure, ni na jawo."

Haushi ya kama ni, don na so ya musa, in samu hujja. Da yamma na zuge jakar, na ciro kwalba ɗaya, na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren. Ya shigo ya tsaya cikin hayaƙin, idonsa ya kawo ruwa. Na mayar da kwalbar, na zuge jakar, na jingine ta inda take.