Ranar Da Rifkatu Ta Hana A Ce Wa Allah Uba

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin jinya a asibitin Azare, akwai wata safiyar damina da har yau ba ta fita raina ba. A lokacin ni ce sista mai kula da ɗakin mata, wato duk wadda za a yi wa tiyata sai ta bi ta hannuna. Ka'idar aikin kuwa ita ce, muddin mara lafiya na cikin hayyacinta, ba a yi mata aiki sai da yardarta.

Aka kawo mana wata malamar firamare daga Giade, Kirista, sunanta Rifkatu. Hanjinta ya murɗe, likita ya ce in aka wuce azahar sai dai wani ikon Allah. Ita kuwa ta kafe, ta ce ba ta shiga ɗakin tiyata sai an yi mata addu'a. Wannan ai mai sauƙi ne. 'Yan cocinsu suka kewaye gadon, suka fara yadda suka saba, da kiran Allah Uba. Nan take ta juya fuska bango.

"Ku bari! Kada a sake kira mini Shi da wannan suna."

Raina ya ɓaci, don likita ya riga ya wanke hannu yana jiran fara aiki. Amma son jin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfin fushina, domin ni Musulma ce, kuma tun ina yarinya wannan kalma tasu take ɗaure mini kai. Na ce, "Malama, ke kika nemi addu'a, ke kuma kika hana. Me ya yi zafi?"

Ta ce, "Sista, ubana da bulala na san shi. Ya kore mu ni da mahaifiyata ana tsakiyar ruwa. In Allah uba ne, tsoron haɗuwa da Shi nake yi."

Cikin masu addu'ar akwai wani tsohon mai bishara, Malam Ishaya. Na ɗauka wa'azi zai kwararo mata, sai ya ja kujera ya zauna.

"Rifkatu, wa ya riƙe ki bayan an kore ku?"

"Kakata."

"Yaya take yi miki in kin tsorata?"

"Takan lulluɓe ni da zanenta, ba ta cewa komai."

Ya ce, "To ajiye waccan kalmar. Mukan ce Masa Dutse, ba kuwa dutse ba ne. Mukan ce Makiyayi, ba Shi da garke a bakin kogin Katagum. Daga gidajenmu muke aro kalmomin nan, don su kaɗai muke da su, kuma duka sun yi Masa kaɗan. Taki an ɓata miki ita tun a gida. Ba zai yi fushi don kin kasa furta ta ba."

Wata mata ta yi gunaguni, wai haka aka koyar da addu'ar. Ya ce, "Haka ne, Mama, gobe ma haka za mu yi. Yau dai a bar ta."

Rifkatu ta ce, "To me zan ce Masa, Malam?"

"Ba sai kin ce komai ba."

Ya karɓi mayafin matar nan mai gunaguni, ya lulluɓa wa Rifkatu a kafaɗa. Suka sunkuyar da kai, ɗakin ya yi tsit. Ni da nake ta duba agogo, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Can ta ɗago ta ce, "Sista, tura ni mu je." Aka yi aikin, ta tashi lafiya.

Daga baya na tare tsohon a baranda, na ce, "Malam, ashe ba haihuwa irin tamu kuke nufi ba?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, da bakinmu zai iya ɗaukarsa duka, ai da bai zama Allah ba."

Ina nan kan addinina, yana kan nasa. Amma ku ƙannena da kuke aikin nan yanzu, in mara lafiya ta toge, ku daina saurin cewa taurin kai ne. Ku ja kujera ku tambaya. Da na bi fushina a ranar, da Rifkatu ta mutu tana fuskantar bango, ni kuma in tafi gida ina cewa ita ta ƙi magani.