An Ba da Mu Aro

Ƙarar ba ta fi ta cokali a tasa ba. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ƙwal daga ɗaki, na leƙa. Maigidana ne ya ɓalle lambar ƙungiyar matuƙa jirgin sama daga ƙirjin rigarsa, ya wurga ta cikin tasar makullai. Lambar da nake goge masa da toka da lemun tsami duk ranar da zai tashi.

"Lafiya, Abban yara?"

"An ba da mu aro," ya ce, ko takalmi bai cire ba.

Sai da ya sha ruwa ya yi mini bayani. Kamfaninsu ya miƙa gajerun hanyoyi, su Kano da Sakkwato da Yola, ga wani ƙaramin kamfani. Fentin jirgi bai canza ba, fasinja ba zai gane ba. Manya sun riƙe Legas da Jidda, masu igiya uku a kafaɗa irinsa aka tura ƙaramin kamfanin. Can babu ƙungiya, layin da ya daɗe yana bi don samun igiya ta huɗu, ta kyaftin, kuma ya shafe. Ƙungiyarsu ce ta sa hannu.

Ƙungiyar nan na san ta, don na ciyar da ita. Lokacin yajin aiki a zaurenmu na Tudun Wada suke taruwa, tunda yawancinsu a Zariya suka koyi aikin. Na tuƙa tuwo har tafina ya yi kanta. Shugabansu, wani dattijo, yana suɗe miyar kuka yana ɗago murya ta bayan labule: "Uwargida, mu da ke duk tuƙi muke yi, sai dai naki ya fi ƙosarwa!" Har hanta nake ware masa.

Bayan sa hannun na ga dattijon a ƙofar wani gidan suna a Hanwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kyaftin, yaushe za a dawo da su?"

"Haƙuri, uwargida. Ai aro ne." Ya ja murfin mota.

Ni dai na san aro. Maƙwabciya ta ari turmi, kafin magariba ya dawo. In ta manta, in aiki autata ta karɓo. Wannan aron kuwa azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Maigida yini yake yana tashi yana sauka, ya kwana inda jirgi ya kwana. In ya zo gida, idanu jajur, bacci ke kwashe shi a kan sallaya. Ba ya iya ce musu ya gaji, don babu mai tsaya masa. Ina roƙon Allah Ya wanke mini zuciya game da dattijon nan, har yau dai ba ta fita ba.

Ranar Sallah ma maigida bai zo ba. Autar ta sha lalle da sabon kaya, ta ƙi fita yawo. Ta ciro lambar daga tasa, duk ta yi baƙi, ta tsaya a gabana.

"Umma, ki aike ni mana. In ce wai in ji Umma, in sun gama a ba mu Abbanmu, za mu yi amfani da shi."