Mutumin da Ya Tare Mini Hanya

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, Noelene ta kira ni daga asibiti a Toowoomba. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Col, abokin faɗanka ya tafi." Mijinta, Merv Tranter, ya rasu yana da shekara saba'in da tara, bayan ciwon huhu da ya kwantar da shi tun Kirsimeti. Ya kama hanyar da kowa zai bi, wadda ba a samun mai dawowa balle a tambaye shi yadda take.

Merv, ka san ni ba mai yabon mutane ba ne. Daga aji uku na bar sakandare, na fara da tsohon injin haƙa rijiya guda ɗaya, na kai inda na kai ba tare da wani ya ɗora ni ba. Rabin gonakin shanun yammacin Queensland ruwan da na haƙo suke sha. Ban saba a ce mini bi nan, kada ka bi can ba. Kai kaɗai ka taɓa yi mini haka.

Ka yi rayuwarka kana tuƙa tirelar shanu mai bodi uku. Da muka ajiye aiki, kowannenmu ya sayi motar tafi-da-gidanka, mai gado da wurin girki a ciki, duk shekara in sanyi ya shigo mu nufi arewa, inda ya fi ɗumi a ƙasar nan, kai da Noelene a gaba, ni da matata Glenys a baya. Kana kirana Injiniya don tsokana, ina kiranka Kunkuru. Ba ka taɓa wuce motar da ta tsaya a gefen hanya ba. Jarkar ruwa guda kake ɗauka musamman domin wanda ba ka sani ba. Sannan ga halin nan naka da yake ba ni haushi: kowace safiya ka ɗauki kofin shayi, ka zagaya inda matafiya suka yada zango kana leƙa tayoyin mutane. Ka ce taswira tana faɗin inda hanya take, taya kuwa tana faɗin yadda take.

Wata shekara, cikin watan Mayu, muka tsaya shan shayin hantsi a gefen wata siririyar kwalta. Glenys ta shiga ciyawa ɗebo itace, maciji mai ruwan ƙasa ya sare ta a idon sawu. Noelene ta naɗe ƙafar da bandeji tun daga yatsu har cinya, ta ɗaura mata sanda, ta hana a wanke wurin. Muka ɗauke ta cak zuwa gadon motata. Waya ba ta kamawa.

Gabanmu kaɗan akwai mararraba. Ta hagu hanyar ƙasa ce, tana yankewa zuwa Kalgarra inda ƙaramin asibiti yake. Kwaltar kuwa zagaye take yi, ta ninka waccan nisa, sai dai a tsakiyarta akwai gidan mai inda aka faɗaɗa titi domin jirgin likita ya iya sauka. Sama tas take, an yi makonni ba a ga ko ɗigon ruwa a yankin ba. Allon da ke bakin hanyar ƙasar ya nuna a buɗe take. Muna dosowa sai ga wata a-kori-kura ta fito daga cikinta ta wuce mu a guje. Na ce alhamdu, tunda wannan ya fito, ni ma zan shiga. Na kunna fitilar kwana.

Sai kawai na ga ka karkata motarka ka gicciye bakin hanyar. Na taka birki har tukwane suka zube a baya. Na diro.

"Merv, janye motarka."

"Ba za ka bi nan ba, Col."

"Matata ce a kwance, ba taka ba."

"Shi ya sa. Ba ka kalli a-kori-kurar nan ba? Baƙin taɓo har ƙofa, ɗanye, ga ciyawar rafi tana reto a ƙarƙashinta. Ruwan da aka yi can arewa ne ya gangaro. Wancan da ƙyar ya fita, kai kuwa gida guda kake ja."

"Allo ya ce a buɗe take."

"Allo ba ya zuwa rafi, Injiniya. Inda aka kafa shi, nan yake kwana."

Wanda bai san baƙar ƙasar can ba zai ɗauka gardama ce ta tsofaffi. In ta jiƙe, sai ta riƙe taya kamar danƙo, mota ta zauna har sai rana ta ga damar sakinta. Na san haka sarai, na kwana a cikinta ba sau ɗaya ba. Amma ni sararin sama nake kallo, da agogo, da ƙafar matata. Na ɗauko ƙarfen kwance taya na tsaya a gabanka. Ko gezau ba ka yi ba. Ka ce, "Buga. In ka gama sai ka ja ni, ka ja motar."

Muryar Glenys ce ta raba mu. Ta ce, "Col, bibbiyu nake ganinka, kuma ɗaya ma ya ishe ni. Ku bar haushin nan, ka bi tsohon."

Na bi ka. Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi bayan motarka a ranar ba. Kwalta ta miƙe, ba gida ba gari. Ta madubi ina ganin Noelene durƙushe tana goge jinin da ya fara fitowa daga hancin Glenys, tana ce mata, "Yi mini magana, ƙawata, faɗa mini sunayen jikokinki." Glenys ta faɗi biyu, ta yi shiru a kan na uku.

Kai kuwa kana kan rediyon oba-oba, muryarka a kwance kamar mai cinikin tumaki. Ka samu wani direban tirela, shi ya miƙa wa na gabansa, wancan ya miƙa gaba, har saƙo ya isa gidan man, mai wurin ya buga wa likita waya. Ƙa'idar siririyar kwalta kowa ya san ta: in tirela ta taho, ƙaramar mota ce ke sauka gefe. A ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Tireloli cike da shanu suka sauka gefe suka tsaya, suka bar mana kwaltar, direbobin suna ɗaga mana hannu muna wucewa.

Da muka isa, mai gidan man ya riga ya kori shanu daga titi, ya tare motoci ta ɓangarorin biyu. Ba mu daɗe ba jirgi ya sauka. Aka ɗauki Glenys idanunta a rufe. Ka dafa kafaɗata, na ture hannunka, ka sake dafawa. Sai da yamma aka bugo cewa ta farfaɗo, tana tambayar wa ya kwashe tukwanen da suka zube.

Daga baya muka ji ruwa ya shafe hanyar Kalgarra tun tsakar ranar nan, har wata gireda, motar gyaran hanya, ta yi kwanaki a maƙale. Duk da haka ban fasa cewa motata za ta iya hayewa ba, don ni na san injin da na saya. Kullum amsarka ɗaya ce: "Za ta haye mana, a bayan tirela." A kan wannan muka yi ta yi, har Noelene ta hana a tayar da zancen a wurin cin abinci.

Kwana kaɗan kafin ka tafi na zo duba ka. Ka rame, numfashi yana yi maka wuya. Ka janye robar iska daga bakinka ka ce, "Ta ina ka biyo?" Na ce ta kwalta. Ka ce, "Ta yanke fa?" Na ce na ga wata mota ta fito daga can, tayoyinta ba su yi mini ba. Ka rufe ido kana murmushi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Noelene, 'yar'uwa, ke da 'ya'yanku Darryl da Kerry da jikoki, ni da Glenys muna yi muku ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku inda Merv yake tsaya muku. Shi kuma Allah Ya ji ƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da kowace jarkar ruwa da ya miƙa wa baƙo, Ya buɗe masa hanya har masauki.

Glenys tana nan kusa da ni ina wannan rubutu. Ta ce in gaya maka ta tuna sunan jikan na uku. Bana ma za mu nufi arewa in sanyi ya shigo, kuma mun ajiye wa Noelene kujera. Ni zan riƙa zagayawa da kofin shayin.

Col Radke