Buhun Dusar Jakina

Shekarar da fari ya sake dawo mana, lokacin mulkin soja, babu garin da ya kai namu son jakai a duk ƙasar Kona. Kowane magidanci ka gamu da shi da ƙunshin dusa, kafin ka gama sallama ya ce maka, "Ta jaki ce." Maƙwabcina jakinsa ya mutu tun kaka, mu muka ja gawar zuwa bayan gari, amma duk ranar kasuwa sai ya sayo masa tiya biyu. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, don kowa ya san tukunyar da dusar take shiga.

Ni kuwa na fi su hujja, don jakina yana raye, ga amalanke ina dako da ita tsakanin garinmu da Tasawa. Kuma ina da girman kai, ban ɓoye ba. Ubana ya mutu ya bar rumbu uku, ni ne za a ce ina cin abincin dabba? Haba!

Na sayar da akuyarmu ta ƙarshe, na sayo buhun dusa guda wurin wani Alhaji a kasuwar Tasawa. Saman buhun lafiya lau. Da maiɗakina ta kai tsakiya sai ta kira ni, ta damƙa mini a hannu ta ce, "Malam, gini za mu yi ko tuwo?" Yashi ne, wallahi, ya kusa rabi. Mu bakwai ne a gidan har da tsohuwata, kuma babu wata akuyar.

Na mayar wa Alhaji buhunsa, ya ce shi ma haka aka sayar masa, in kai ƙara inda na ga dama. To lokacin sojoji sun matsa wa 'yan kasuwa, akwai wani ma'aikaci da muke kira kwantarola, mai bin farashi da algus. Na ɗora buhun a amalanke na nufi bironsa, wato ofishinsa. 'Yan garinmu huɗu da suka zo cin kasuwa suka biyo ni wai rakiya, alhali kallo ya kawo su.

Kwantarola saurayi ne siriri, da tabarau da riga mai guga. Ya aika aka kira Alhaji, ya zura hannu cikin buhun, ya kaɗa kai, sannan ya jawo takarda.

"Baba, wa ka saya wa dusar nan?"

Na waiwaya na ga kawunan 'yan rakiyata huɗu a taga. Na ce, "Jaki, ranka ya daɗe."

"Jakin yana aiki?"

Nan fa na samu abin fahari. Na ce ai babu irinsa, shi ke jan amalanke, da shi nake sana'a, buhu shida yake ɗauka bai yi nishi ba.

Sai ya ajiye alƙalami. Ya ce to ai shi ke nan, shi aikinsa kare wanda ya sayi kaya don amfanin kansa da iyalinsa. Wanda ya saya don sana'a, ɗan kasuwa ne kamar Alhaji, mu je mu sasanta can tsakaninmu.

Ni ɗan kasuwa? Ni da wandona ke da faci uku? Alhaji har ya fara gyara hula zai tashi. Na yi maza na ce, "A'a, jakin ya yi ritaya."

"Yanzu ka ce buhu shida yake ɗauka."

"Da can ne. Yanzu zaman gida yake, kamar ɗa yake a wurina."

"To wa ya jawo amalanken da ke waje?"

"Rakiya ya yo ni."

Na ji an tuntsire da dariya a taga. Kwantarola bai yi ba. Ya tashi ya ce mu je ya ga ɗan nawa. Muka fita duka. Jakin nan yana tsaye, haƙarƙarinsa a waje ana iya ƙirgawa daga nesa, ya miƙa wuya yana cin wata sanarwa da aka manna a bangon biro. Ya riga ya cinye rabinta har da hatimi.

Kwantarola ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Baba, jakin nan rabonsa da dusa ya yi wata nawa?"

Na ce ba ya da ci ne, haka halittarsa take.

Ya ce to, shi dai abin da na faɗa zai rubuta. In ta jakin sana'a ce, in ɗauki buhuna in tafi. Ya juya zai koma ciki.

Na ji haushin yaron nan kamar in shaƙe shi, na ji haushin jakin, na ji haushin mutanen taga. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne in koma gida da yashin nan, in ajiye shi gaban tsohuwata da yara in ce musu me? Na ce, "Mu muke ci."

"Ban ji ba, Baba."

"Na ce mu muke ci! Ni da uwata da matata da 'ya'yana huɗu. Tuwo ake yi mana da ita. Rubuta!"

Dariyar mutanen taga ta ɗauke ɗif. Ɗaya ya fara gyaran takalmi, ɗaya ya tuna yana da saƙo a tasha.

Alhaji kuwa sai ya hau ni da faɗa, kamar ni na cuce shi. "Subhanallahi! To don me ka ce mini ta jaki ce? Kowa ya zo ya ce ta jaki! Da na san bakin mutum za ta shiga ai da mai kyau zan ba ka!" Sai da ya gama ya gane abin da ya faɗa, kwantarola kuma ya riga ya rubuta. Aka sa shi ya kawo wani buhun, aka zazzage shi a kan tabarma har ƙasa ana dubawa, sannan aka mayar aka ɗinke. Abin da ya biyo baya tsakaninsa da hukuma ban tsaya gani ba.

Ina ɗaure buhun a amalanke, kunya ta hana ni ɗaga kai, sai na ga takalmin kwantarola kusa da ni. Na ɗauka wata takardar ce kuma. Ya tsaya yana shafa wuyan jakin, ya bari sai da mutane suka yi nisa, sannan ya sassauta murya.

"Baba, mutanen ƙauyenmu sun sauka a gidana, sun fi ƙarfin albashina. Don Allah da me maiɗakinka take haɗawa tuwon ya kama? Namu kullum wargajewa yake."