Tokar da na ba Yaya Mamman

Bana shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar yayana Mamman, mai faci a bakin tashar Gummi. Abin da ya tayar mini da shi, jikata ce da ke karatun kimiyya ta zo hutu, take ba ni labarin wai yanzu masana na ƙona buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa su haɗa da roba don ta yi ƙarfi. Na yi dariya har na share hawaye. Da yana raye, na san ba zai ce ya riga su ba. Zama zai yi ya tambaye ta wace irin toka suke sawa.

A shekarun da soja suka fara mayar da mulki hannun farar hula, danƙon faci na kanti ya yi wuya a wajenmu. Yaya ya samu direbobin goro suna kawo masa ɗanyar roba daga kurmi. Sai ya jiƙa ta a fetur ta narke, ya shafa a kan ɓula, ya danne da ƙarfe mai zafi. Amma ita kaɗai ba ta jure rana, saki take ta yi yauƙi. Shi ne ya fara cuɗa ta da toka.

Yawancin aikinsa gugar rijiya ce, irin ta robar cikin taya, wadda Fulani ke shayar da shanu da ita. Karon farko facin ya riƙa tsagewa. Wani makiyayi, Buba, daga wajen Bukkuyum, ya dawo da guga uku a tsakiyar rani, shanunsa sun yini ba su sha ba, ya zube gugar gaban Yaya. Yaya ya ji kunya ƙwarai. Ya ce wa Innarmu in gwaji na gaba bai kama ba, zai kulle rumfa ya bi motar goro ya tafi kudu. Inna ta daina cin abincin kirki.

Ni a lokacin ina ɗakin mijina, gidanmu kuma ana sussukar shinkafa, don haka wajena ya aiko neman tokar buntu. To ni, Allah na gani, da rowar toka. Mai kyau ina tace ta ne in samu ruwan toka na miya. Sai na kwaso wadda na riga na tace na zubar bayan ɗaki, na shanya ta, na tankaɗe, na aika masa, na yi gum.

Facin ya kama. Gugar Buba ta fitar da rani ba ta ɗiga ba. Amma da tokar ta ƙare, Yaya ya ƙona buntu da kansa, faci ya koma tsagewa. Ya sauya wuta, ya sauya fetur, ya rame. Ina kallo, kunya ta hana ni magana, har ranar da na ji ya ɗaure kayansa.

Na same shi a zaure na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa.

"Hajo, wadda kinka tace kinka ba ni?"

"Ita, Yaya."

"Ashe gishirinta ne ke cin robar," in ji shi, yana kwance igiyar kayan.

Bai yi mini faɗa ba ko da kalma ɗaya. Daga ranar ya riƙa bin bayan gidaje da buhu yana kwasar tokar da mata suka zubar, ana yi masa ba'a yana gaisuwa. Makiyaya har daga Anka suka riƙa kawo guga, Inna ta rasu yana kusa da ita.

Rumfar yanzu babu ita, guga ma ta kanti ake saye. Abin da ya rage halinsa ne. Duk wanda ya tambaye shi sirrin, sai ya ce ƙanwarsa ce ta gano, kuma har yau tsofaffin unguwarmu na gaishe ni da wannan. Na karɓi yabon shekara da shekaru, ina jin nauyinsa. Yau dai na sauke. Ni rowa na yi masa. Shi ya mai da ita sani, ya kuma bar mini sunan. Allah Ya jiƙan Yaya.