Neman Ubana a Bangon Silima

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ba na jin akwai wanda ya fi ni sanin yaƙi a duk faɗin Adar. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Ko ragon layya aka kayar za a yanka, sai in tuna na bar wani abu a ɗaki. Amma ni ne mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a Tahoua, ina koyar da yara, ina da keke da agogon hannu, kuma duk Asabar bayan isha'i ina kan banci a gidan silima.

Fili ne kawai da aka kewaye da katanga, babu rufi, an shafe bango ɗaya da farar ƙasa, a nan ake haska hoton. In fim ɗin Indiya ne, ina kallo don waƙa, ko da yake ban taɓa gane yadda mutum zai rasa uwa da gida a yini ɗaya kuma ya tashi ya kama rawa ba. In na kaboyi ne, ina kallo don dawaki. In na yaƙi ne kuwa, tun kafin a buɗe ƙofa ina tsaye.

Lokacin hutun damina nakan koma ƙauyenmu kusa da Barmou. Da yamma, in an taso daga gona, maza su taru a zauren gidanmu, ni kuma in miƙe tsaye in buɗe musu yaƙi. Ni ne jirgin sama, ni ne igwa, ni ne kaftin mai ba da umarni, ni ne kuma wanda aka harbe. Ina kaɗa hannu, ina tsalle, ina faɗuwa a kan tabarma. Abin da fim bai nuna ba sai in ƙara daga aljihuna, ba wanda zai kama ni.

A gefe guda Baba yakan zauna yana tufka igiya. Wan mahaifina ne, shi ya rene ni. Tare aka ɗebe su soja shi da mahaifina, aka kai su yaƙin Turawa, ina goye a bayan uwata. Baba ya dawo da ɗingishi da lambobin yabo biyu a cikin gwangwani. Mahaifina bai dawo ba, bai kuma bar ko hoto ɗaya ba. Baba ba ya maganar yaƙi, ko an ja shi. Ni kuwa da hankalina na lokacin, na ɗauka ƙarancin baki ne ya hana shi, har ina jin tausayinsa da ya je ya gani amma bai iya ba da labari kamar ni ba.

Wata rana wani maƙwabcinmu ya katse ni ana tsakiyar harbi. Ya ce, "Mushe, wai abin ga da kaka gani, gaskiya ta ko wasa na?"

Na san wasa ne. Na san 'yan wasan, har ina gane wanda aka kashe wancan mako ya dawo wannan mako da gashin baki. Amma in na ce wasa ne, na zama mai tatsuniya kamar tsohuwa, agogon hannuna ma ba zai cece ni ba. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Wane irin wasa? Yaƙin na da kainai. Da abin ɗaukar hoto anka bi su har wurin hwaɗan."

Na ga hannun Baba ya tsaya a kan igiya, ya ɗago yana dubana. Na ji daɗi ƙwarai, na ce yau ko tsohon soja ya sara mini.

Bayan an gama girbi, wata Asabar da la'asar, na ji sallama a ƙofar ɗakina a Tahoua. Baba ne, ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, duk ya gaji, da babbar rigarsa ta salla, lambobin nan biyu a maƙale a ƙirji. Tun da nake ban taɓa ganin ya sa su ba. Bayan ya sha ruwa mun gaisa, sai ya ce, "Na taho in gwada maka ubanka. Kai ba ka san huskatai ba. In dai an ɗauki hoton yaƙin, muna ciki, ni da shi. Dogo na, ko cikin taro ya wuce ina gane shi."

Daga la'asar zuwa isha'i ina da lokacin da zan faɗa masa gaskiya sau ɗari. Ban faɗa ba. Na fita na sayo masa nama. Na tambaye shi hatsin bana, na tambaye shi lafiyar jakinsa, na sake tambayarsa hatsin bana. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ga lambobin nan, in haɗiye maganar. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba. Sai na koma roƙon Allah injin silima ya lalace, don ya saba lalacewa kusan duk mako. A ranar kuwa ya yi aiki kamar sabo.

Ni wurin zamana baya ne, kan banci, tare da ma'aikata. Baba ya ce daga can ba ya ganin fuska, sai muka zauna a gaba, a ƙasa, wuyanmu a ɗage. Da aka fara, ya miƙa jiki gaba, ya kafa ido, yana bin sojojin ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Ni ban ga komai a bangon ba, shi nake kallo.

Can sai aka harbo igwa, ƙarar nan mai fito ta taho daga sama. Kafin ta sauka Baba ya riga ya kwanta rub da ciki, hannuwansa a kan ƙeya. Mutane suka fashe da dariya. Allah ya gafarta mini, a wannan lokacin kunyarsa na ji, har na waiga ko wani uban ɗalibina ya gan mu. Ya tashi a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Wanga kuka kam gaskiya na. Sun same shi daidai."

Daga nan ya fara magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. "Takalmansu ba laka." Jim kaɗan, "Yaushe sunka ci abinci, mutanen ga?" Sannan, "Ba mai sosa jiki. Ina ƙwarƙwata?" Da aka nuna rundunar duka tana wucewa a jere, ya miƙe a kan gwiwa, na baya suna yi masa ihu ya zauna, bai ko ji su ba. Suka wuce har na ƙarshe. Ya koma ya zauna, ya ce, "Ba baƙar hwata ko guda."

Kusa da ƙarshe aka harbi kaftin. Ya faɗi a hannun abokinsa, hularsa ba ta ko karkace ba, ya yi dogon jawabi, sannan ya rufe ido ana busa. Wurin nan ne nake zubar da hawaye duk lokacin da na gani, don a raina haka mahaifina ya mutu. Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Bai ƙara miƙa wuya ba, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa har aka kunna fitilu.

Da safe na raka shi tasha. Lambobin sun koma aljihu. Muna zaune a inuwar kamiyo ana loda buhuna, sai ya ce, "Mushe." Bai taɓa kirana haka ba. "Ka san wasa na?"

Na ce, "Na sani, Baba."

"Tun can zaure?"

"Tun can."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, har ina fatan ya zo. Ya ɓare goro, bai ba ni ba. Sannan ya ce, "Ubanka ba harsashi yak kashe shi ba. Tari na. Cikin wani ɗakin katako inda anka tsare mu, ga sanyi, ga yunwa. Bai yi jawabi ba, ruwa yac ce in ba shi. Wa ka zuwa silima shi kalli mutum shina tari?"

Shekara ashirin da wani abu ina jira ya yi wannan magana, sai ga shi ƙaryata ce ta fito da ita.

Ya ci gaba, "Amma baki gare shi. Cikin jirgin ruwa, tun ba mu ga ƙasa ba, ya ba mu labarin Faransa kakaf, awa can anka haihe shi. Ƙarya ta duka, mun sani, amma ita tah hana mu kuka. Ran da nig gan ka tsaye cikin zaure kana kaɗa hannu, shi nig gani, shi yas sa igiya tat tsaya mini. Huskar ɗai nis so kai ma ka gani." Ya tofar da goro, ya dube ni sama da ƙasa. "Da na tuna ɗan wa kake, da ban baro gida ba."

Aka kira masu tafiya Barmou. Na kama hannunsa ya hau, ya sami wuri a kan buhu, ya miƙo mini rabin goron daga sama.

Da na koma ɗaki na rufe ƙofa, na jingina ɗan madubin askina a taga. Na ja da baya na miƙe tsaye, na fara ba da labarin yaƙi, ina kaɗa hannu, ina satar kallon mutumin da ke cikin madubin. Dogo ne. Ban kai ga saukar jirgin farko ba na daina, na tsaya ina kallonsa.